Rejim ɗin barin tuwo da shinkafa: idan kilon yaro ya fara sauka, ba abin murna ba ne

Rejim ɗin da ake kira "keto", wato barin tuwo, shinkafa, burodi, taliya da duk abinci mai sitaci a koma ga nama, ƙwai da maiƙo, na ci gaba da samun karɓuwa wajen matasan birane da ƴan Nijar mazauna ƙetare. Ga babban mutum mai son rage teɓa, saukar kilo biyu ko uku a makon farko shi ne abin da yake nema. Sai dai a gidan Bahaushe tukunya ɗaya ce. Idan uwa ko uba suka daina girka shinkafa, abin da yaro ɗan shekara uku zai samu a kwanonsa shi ma ya canza, kuma shi ma kilonsa yakan sauka. Likitocin yara na kallon wannan saukar a matsayin gargaɗi.

Me ke fita daga jiki a makon farko?

Jikin mutum na ajiye wani ɓangare na sukarin da yake samu daga hatsi da sauran abinci mai sitaci a cikin hanta da tsoka. Wannan ajiyar ana ce mata glikojen, kuma kowane giram ɗaya nata na riƙe da ruwa kimanin giram 3. Da zarar an yanke sitaci, jiki zai cinye ajiyar cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari. A daidai lokacin sinadarin insulin na raguwa a jini, abin da ke sa ƙoda ta ƙara zubar da gishiri da ruwa. Don haka mafi yawan abin da sikeli ke nunawa a kwanakin farko ruwa ne.

Bayan nan hanta kan fara narka kitse tana samar da wasu sinadarai da ake kira keton, domin ƙwaƙwalwa ta samu makamashi. Keton na rage jin yunwa. Babba na jin daɗin hakan, amma ƙaramin yaro da dama can cinsa kaɗan ne, ga shi an ɗauke masa kunu da burodin da ya saba da su, sai ya ƙara rage ci. Daga nan abin ya wuce ruwa, ya fara taɓa kitse da tsokar da jikinsa ke ginawa.

Lissafin ma ya bambanta. Yaro ɗan shekara uku yakan kai kilo 14. Idan ya rasa giram 700, ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ke nan, daidai da mai kilo 80 ya rasa kilo 4. Sannan tsakanin shekara biyu zuwa biyar, abin da lafiyayyen yaro ke ƙarawa bai wuce kilo 2 a shekara ba. Giram 700 ɗin nan girman wata huɗu ne ya tafi.

Ƙwaƙwalwar yaro ta fi ta babba cin sukari

A 2014, masu bincike ƙarƙashin Christopher Kuzawa na jami'ar Northwestern da ke Amurka sun nuna cewa a wajen shekara biyar ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi cin sukari. A wannan lokacin takan cinye sama da kashi 40 cikin 100 na dukkan ƙarfin da jikin yaro ke kashewa a rana. Ga buƙata mai yawa, ga hanta ƙarama wadda ajiyarta ba ta jimawa. Shi ya sa sukarin jinin yaro ke saurin faɗuwa idan ya kwana bai ci abin kirki ba, musamman in ya haɗu da amai, zawo ko zazzaɓi.

Masana abinci a Amurka sun ƙayyade giram 130 na sitaci da sukari a rana a matsayin abin da ya kamata mutum ya samu tun daga shekara ɗaya, kuma sun gina adadin ne a kan buƙatar ƙwaƙwalwa. Rejim ɗin keto da manya ke bi kuwa yakan tsaya tsakanin giram 20 zuwa 50 a rana.

Asalinsa maganin farfaɗiya ne

Da yawa daga masu yaɗa keto a TikTok da Facebook ba sa faɗin inda ya samo asali. A 1921 ne wani likita mai suna Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi domin masu ciwon farfaɗiya, bayan an lura cewa barin cin abinci na rage yawan faɗuwa. Manufarsa ita ce a samar wa jiki yanayi irin na mai azumi ba tare da an hana shi ci ba. Da aka samu maganin fenitoyin a 1938, sai aka yi ta barin wannan hanya.

Ta dawo ne a 1993, lokacin da Jim Abrahams, wani mai shirya finafinai a Amurka, ya kai ɗansa Charlie asibitin Johns Hopkins bayan magunguna da tiyata sun kasa. Faɗuwar yaron ta tsaya, kuma a 1994 mahaifin ya kafa gidauniya da sunansa domin yaɗa wannan magani. A 2008 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Landan kan yara 145: bayan wata uku, kashi 38 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin sun samu raguwar faɗuwa da fiye da rabi, alhali a cikin waɗanda ba su fara ba kashi 6 ne kacal.

Amfaninsa ga irin waɗannan yara tabbas ne. Haka kuma shi ne babban maganin wata cutar gado da ke hana sukari isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Sai dai yadda ake yin sa a asibiti ya sha bamban da na gida. Kafin a fara sai an yi gwajin jini da fitsari, domin akwai yaran da aka haifa jikinsu ba ya iya narka kitse daidai, kuma wannan abinci zai iya hallaka su. Ana auna kowane abinci da sikeli giram bayan giram, inda kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa ke fitowa daga maiƙo. Masanin abinci ne ke lissafa abin da yaron ke buƙata don kada ya rame, ana ƙara masa bitamin da sinadarin kalsiyom, ana kuma awon tsayinsa da nauyinsa a kai a kai.

Duk da wannan sa idon, illa ba ta rasuwa. Akwai taurin bayan gida, amai, hauhawar kitse a jini, da tsakuwar ƙoda da kan samu kimanin yaro ɗaya cikin 20. Wani binciken asibitin Johns Hopkins da ya fito a 2002, wanda ya bi yara 237, ya nuna cewa manyan yara na ci gaba da tsawo kusan yadda ya kamata, amma ƙanana sosai girmansu na ja baya. Iyayen yaron da ke faɗuwa sau da dama a rana na iya amincewa da wannan farashi. Lafiyayyen yaro kuwa babu abin da zai samu a madadin girman da ya rasa.

Gardamar da ta kai gaban hukuma

Batun ya taɓa tayar da ƙura a Afirka ta Kudu. A watan Fabrairun 2014, Farfesa Tim Noakes, masanin kimiyyar motsa jiki a birnin Cape Town, ya amsa tambayar wata mai shayarwa a Twitter, inda ya ba da shawarar a yaye jariri zuwa abinci mai ƙarancin sitaci da yawan maiƙo. Shugabar ƙungiyar masana abinci ta ƙasar ta kai ƙararsa gaban hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya. An wanke shi a 2017, aka sake tabbatar da hukuncin a 2018. Abin da aka tuhume shi da shi saɓa ƙa'idar aiki ne, kuma wanke shi bai sauya shawarar da hukumomin lafiya ke bayarwa kan abincin yara ba.

A 2023, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da rahoto kan yara masu ciwon sukari da waɗanda ke cikin haɗarin kamuwa da shi. Ta ja hankalin iyaye kan tsananta rage sitaci, saboda tsoron tauye girma, raunin ƙashi, ƙarancin sinadarai da kuma sa wa yaro tsoron abinci. Ta ce duk iyalin da ya zaɓi hakan sai da kulawar likitoci ta kusa. A wannan shekarar dai, Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta ce daga shekara biyu zuwa sama, sitacin da ake ci ya kamata ya fito ne daga hatsin da ba a surfe shi sosai ba, da ganye, da ƴaƴan itace, da dangin wake.

Darasin da Maradi ta riga ta sani

A Nijar ba sai an yi wa kowa bayanin ramar yaro ba. A 2005 kaɗai, ƙungiyar likitoci na gari na kowa MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa a ƙasar, akasarinsu a jihar Maradi. Har yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na yaran ƙasar ƴan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba.

Abin lura shi ne yadda ake karɓar yaro mai tamowa mai tsanani a cibiyoyin CRENI. Matakin farko a ƙa'idar OMS shi ne a kare shi daga faɗuwar sukarin jini, har akan ba shi ruwan sukari mililita 50 nan take. Madarar F-75 da ake farawa da ita, mafi yawan ƙarfinta daga sukari da sitaci yake fitowa. Shi ma Plumpy'Nut, wanda ake sarrafawa a Yamai, haɗin gujiya ne da mai da garin madara da sukari, ƙunshi ɗaya mai giram 92 na ba da kalori 500. Wato abin da rejim ke cewa a guje masa, da shi ake fara ceto ran yaron da ya rame.

Lokacin damina kuma haɗarin na ƙaruwa, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi kansa na saukar da sukarin jini. Yaron da dama ajiyarsa ta ƙare, ba shi da abin da zai jingina da shi.

Akwai wani tarkon kuma. Rama tare da yawan ƙishirwa da yawan fitsari na daga alamomin farko na ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda ke kama yara. Iyayen da suka sauya abincin gida na iya ɗauka cewa rejim ne ke aiki, har sai yaron ya galabaita.

To idan yaron na da ƙiba fa?

Wannan damuwa ce ta gaskiya, musamman ga iyalan da ke zaune a Faransa, Beljiyam ko Amurka, da ma manyan biranenmu inda lemun kwalba da kayan zaƙi na leda suka cika ƙofar makarantu. Ga ƙaramin yaro mai ƙiba, abin da likitoci suka fi nema shi ne nauyin ya daina hawa da sauri yayin da tsayi ke ƙaruwa, har jikin ya daidaita.

Inda ya kamata a sa wuƙa shi ne sukarin da ake ƙarawa. OMS ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana. Ga yaron da ke buƙatar kalori 1,200, giram 30 ke nan, alhali gwangwanin lemu ɗaya mai santilita 33 na iya ɗauke da giram 35. Yaron da bai kai shekara biyu ba kuwa, hukumar ta ce kada a ba shi irin waɗannan lemuka sam. Haka shayi mai sukari da biskit da alawa tsakanin abinci.

Gyaran da abincin yaranmu ya fi buƙata ƙari ne. Kunu zalla da tuwo da miya tsululu ba sa wadatar da yaro. Ma'aunin OMS da UNICEF ga ƴan wata 6 zuwa 23 shi ne su ci daga rukuni 5 cikin rukunin abinci 8 a kowace rana. A bar hatsi a inda yake, a haɗa shi da wake, ƙwai, nono, gujiya ko ƙuli-ƙuli, zogala, kifi ko hanta in an samu hali. Uwa ko uban da ke rejim ya rage a nasa kwanon, a ɗora wa yara tasu tukunyar.

Yaushe za a tafi likita?

Idan awo biyu a jere sun nuna kilon yaro bai ƙaru ba ko ya ragu, a kai shi CSI da karnen awonsa, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da aka sauya a abincinsa. Igiyar awon dantse ma na taimakawa ga ƴan wata 6 zuwa 59. A gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun nuna cewa iyaye mata na iya yin wannan awo da kansu a gida. Ƙasa da milimita 125 alamar tamowa ce, ƙasa da 115 kuwa, wato ja, tamowa ce mai tsanani.

Idan yaron na yawan barci ya ƙi farkawa, ko gumi mai sanyi da karkarwa, ko amai ba tsayawa, ko numfashi da sauri, ko jijjiga, ba a jira gari ya waye. Yaron da likita ya ɗora a kan keto saboda farfaɗiya kuwa, kada iyaye su dakatar da shi kwatsam da kansu, domin faɗuwar na iya dawowa. Su sanar da likitan cewa kilo ya sauka, shi zai sake lissafin abincin.