Katin Honus Wagner da Dalilin Tsadarsa

Katin Honus Wagner na cikin kayan tarihin wasan baseball da masu tarawa a Amurka suka fi nema ruwa a jallo. Kamfanin taba na American Tobacco ne ya fitar da shi a 1909, ana saka shi cikin kwalin sigari. Ɗan ƙaramin kati ne mai hoton ɗan wasa Wagner sanye da rigar ƙungiyar Pittsburgh. Ba a jima ba aka daina buga shi don Wagner bai amince ba, shi ya sa waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba. Kafin ciniki, ƙwararru kan duba kusurwoyinsa da launinsa, su ba shi maki daga 1 zuwa 10. A 2022 an sayar da guda ɗaya kan dala miliyan 7.25.