Daga Ina Ƙura da Hayaƙin da Mai Juna Biyu Ke Shaƙa Suke Fitowa?

Mata da dama da ke zuwa awon ciki suna kula da abincinsu da ruwan shansu, amma ba kowa ke tunanin iskar da ake shaƙa ba. A cikin iskar birane irin su Kano da Kaduna akwai wasu ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani. Mafi haɗari daga cikinsu shi ne wanda masana ke kira PM2.5, wanda silin gashin kai ɗaya ya fi shi kauri kusan sau 30. Saboda ƙanƙantarsa yakan wuce hanci ya kai can cikin huhu, wani ma har ya shiga jini.

Yadda ake gano tushensa

Masu bincike sukan kafa na'urar da ke zuƙo iska ta cikin wata takarda mai tacewa, sannan su kai takardar ɗakin gwaji. Kowane irin datti yana da alamarsa. Idan an sami sinadaran ƙasa kamar silikon da alminiyam, to ƙura ce. Yawan sinadarin fotasiyam yakan nuna hayaƙin itace ko kara. Baƙin kunkunniya kuwa yakan fito daga injin dizal da wutar girki. Sai a haɗa wannan da alkiblar iska da hotunan tauraron ɗan Adam. Ta haka aka tabbatar cewa yawancin hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe.

Wannan ƙurar ba mu da iko a kanta. Sauran kuwa daga hannunmu suke fitowa: motoci da a-daidaita-sahu, janareta, ƙona bola da leda da taya, da murhun itace ko gawayi. Uwargida da ke girki a rufaffen kicin takan shaƙi hayaƙin da ya fi na bakin titi yawa.

Me ya shafi jariri?

Bincike ya danganta shaƙar wannan ɓurɓushi da haihuwar bakwaini, da jariri marar nauyi, da kuma ciwon nimoniya a ƙananan yara. A shekarar 2019 masana a ƙasar Beljiyam sun gano baƙin ɓurɓushin hayaƙi a cikin mabiyiya, a ɓangaren da ke fuskantar jariri. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta amince da shi na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska.

Abin da iyali za su yi

A yi girki a fili, ko a buɗe taga. Idan da hali a koma amfani da gas. Kada a goya jariri a gaban murhu. Maigida ya ajiye janareta a waje, nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa na iya kisa cikin barci. A rage turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗakin mai jego, a kwana cikin gidan sauro. A hura wutar ruwan wankan jego nesa da ɗaki, kuma kada a shigar da garwashi don ɗumama shi. Ranar da hazo ya yi yawa a rage fita, a sa takunkumi.

Duk mai cikin da ta ji numfashinta na sarƙewa, ko tari ya ƙi ƙarewa, ko motsin ɗan ya ragu, ta zo asibiti ba tare da jiran ranar awo ba. Allah ya sauke ku lafiya.