Fim Ɗin Rocks: Yarinyar Da Ta Ɓoye Tafiyar Mahaifiyarta

A shekarar 2019 ne aka fara nuna fim ɗin Rocks a bikin fina-finai na birnin Toronto da ke Kanada, kafin ya shiga gidajen silima na Ingila a 2020. Sarah Gavron ce ta ba da umarni, Theresa Ikoko da Claire Wilson kuma suka rubuta labarin.

Labarin Olushola ne, wadda ƙawayenta ke kira Rocks, ɗalibar sakandare a gabashin Landan. Mahaifinta ya rasu. Wata rana ta komo daga makaranta ta tarar mahaifiyarta, 'yar asalin Najeriya da ciwon damuwa ya daɗe yana nuƙurƙusa, ta bar gida. Abin da ta bar mata 'yar wasiƙa ce da kuɗi kaɗan, sai ƙanenta Emmanuel.

Abin da ya fi sosa rai ba talaucin ba ne, shirun da yarinyar ta yi ne. Ta san in hukuma ta ji, jami'an kula da yara za su ɗauke su, wataƙila a raba ta da ƙanenta. Saboda haka ta rufe bakinta. Tana dafa abinci, tana kai yaro makaranta, tana wasa da dariya cikin ƙawaye kamar ba komai, har kuɗin suka ƙare, wutar lantarki ta ɗauke.

Wurin da ya kamata iyaye su tsaya su duba shi ne gidan aminiyarta Sumaya, Musulma 'yar asalin Somaliya. Gida ne cike da dangi da abinci, an kuma karɓe su hannu bibbiyu. Amma da Sumaya ta nemi a sanar da manya, sai Rocks ta fusata ta kwashe kayanta. A ganina nan fim ɗin ya faɗi gaskiya mai ɗaci: maraya yakan ji kunyar a tausaya masa fiye da yadda yake jin yunwa.

Bukky Bakray, wadda ta fito a Rocks, ba ta taɓa yin fim ba. A makaranta aka gano ta. A 2021 ta karɓi kyautar BAFTA ta tauraro mai tasowa.

A ƙarshe abin da take gudu ya auku, aka raba su. Ƙawayenta suka harhaɗa kuɗin jirgin ƙasa suka raka ta garin Hastings, inda ta tsaya bayan shinge tana kallon Emmanuel yana wasa a sabuwar makarantarsa, ba ta kira shi ba.