Sankarar Jini da Ɓargo: Ire-irenta da Yadda Ake Gano Ta

A cikin ɓargon ƙashi jiki yake samar da ƙwayoyin jini. Idan wasunsu suka gurɓace, suka riƙa hayayyafa ba kan gado, sai su danne lafiyayyun. Wannan ita ce sankarar jini, kuma ba a ɗaukar ta daga wani.

Manyan ire-irenta uku ne. Lukimiya takan zo da ƙarancin jini, haɓo da zazzaɓi mai yawan dawowa. Limfoma tana kama kaluluwa. Nau'inta na Burkitt yakan kumbura muƙamuƙin yaro ko cikinsa cikin 'yan makonni, ya kuma fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Mayeloma kuwa ta fi samun manya, da ciwon ƙashi da raunin ƙoda.

Da ido ba a bambance su. Sai an ƙirga ƙwayoyin jini, an duba su a madubin likita, sannan a zuƙo ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu bayan allurar kashe zafi, ko a ɗebi tsokar kaluluwar.

Idan zazzaɓi ya ƙi jin magani, ku garzaya asibiti. Kada wanzami ya tsaga kumburin, domin jini na iya ƙin tsayawa. In za ku ƙetare iyaka, ku tafi da takardun gwajinku.