Jiran Haihuwa: Maigida Ma Yana da Nasa Aikin

Akwai gidaje a cikinmu inda aka yi aure shekara biyu ko uku, har yanzu ba a ji kukan jariri ba. Mun san abin da yakan biyo baya. Uwar miji ta fara habaici, mata suna satar kallon cikin amarya kowace Lahadi, ita kuwa tana ta shan saiwa da sassaƙe. Irin baƙin cikin nan ne Hannatu matar Elkana ta sha daga bakin kishiyarta. Maigida fa? Yana zaune abinsa kamar ba ruwansa.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wahalar samun haihuwa a rayuwarsa. Likitoci kuma sun gane cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje akwai matsala a jikin namiji, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. Saboda haka bari mu fara da kanmu, mu maza.

Ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi sukan ɗauki wajen kwana 74 kafin su ƙosa. Ke nan abin da mutum ya sha yau, sai bayan wata biyu da rabi za a ga sakamakonsa. Taba tana rage yawansu, tana kashe musu kuzari. Yawan giya ko burkutu ma haka. Wanda ya daina a wannan mako kada ya ce bai ga canji ba a wata mai zuwa. Ya ba jikinsa wata uku, gama manomi ba ya tone shuka don ya ga ko ta tsira. Zafi ma ba ya yi musu kyau, shi ya sa aka halicci 'ya'yan maraina a waje inda ya fi cikin jiki sanyi. Direban da ke wuni a kan kujera mai zafi ya riƙa sauka yana miƙe ƙafa, ya kuma bar matsattsen wando.

Sai lissafin kwanaki, wanda da yawa cikinmu ba a taɓa koya mana ba. Mace takan saki ƙwai wajen kwana 14 kafin al'adarta ta gaba. Ƙwan ba ya wuce kwana ɗaya da rai, amma ƙwayoyin namiji suna iya jira har kwana 5 a jikinta. Don haka kwanakin ɗaukar ciki ba su fi shida ba a wata. Maigidan da ke aiki a birni, ba ya zuwa gida sai ƙarshen wata in an yi albashi, yana iya kuskure waɗannan kwanaki shekara guda cur, alhali lafiyarsu ƙalau. Ma'auratan da ke tare ba sai sun yi ta duban kalanda ba, saduwa kowane kwana biyu ko uku ta isa.

Ke kuma uwargida, ƙiba mai yawa ko rama mai yawa suna iya rikita al'ada. Ki tambaya a asibiti a ba ki ƙwayar folik asid tun kafin ciki ya shiga, domin tana kare jariri daga nakasar ƙashin baya. Muna roƙonki ki guji cusa magungunan matsi da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ciwon sanyi kuwa, in ba a yi maganinsa ba, yakan toshe hanyar ƙwai, kuma dole miji da mata su sha magani tare, in ba haka ba ɗaya zai sake sa wa ɗayan.

In shekara ta cika babu labari, ku tafi asibiti ku biyu. In uwargida ta wuce shekara 35, kada ku jira fiye da wata shida. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da arha, babu allura babu tiyata, don haka ya kamata maigida ya fara miƙa nasa.