Shin Ko Kun San? Layi Biyu Sun Isa Su Zaƙulo Waƙa 500

Shin ko kun san sunan Bata, nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, daga kamfanin takalmi ya samo asali? Tomas Bata ne ya kafa shi a 1894, a garin Zlin na ƙasar Cek ta yau. Yanzu kuwa ku faɗi sunan da ƙugiya: ɓata! To, fayil ɗin da ya ɓata a kwamfuta shi ne zancenmu.

Ku leƙa wurin mai turi a Bata. Mutum ya miƙo memori da takarda cike da sunayen waƙoƙi: na Shata, na Ɗanƙwairo, na Ala. Mai turi yana buɗe folda, yana rufe folda, gumi na zuba. Ai dole! Faifan ajiya mai terabait 1 yana ɗaukar waƙoƙi kusan 200,000, in kowace megabait 5 ce. Dubu ɗari biyu fa, jama'a!

Ashe maganin ya girmi mai turin. Umarnin find yana cikin Unix tun shekarun 1970, a ɗakunan bincike na Bell a Amurka. Ɗan'uwansa grep kuma Ken Thompson ne ya rubuta shi. Bash, inda ake buga su, Brian Fox ya fitar a 1989.

Ga dabarar, ku riƙe ta da kyau. A zuba sunayen da ake nema a jeri.txt, kowane suna a layinsa. Sai a buga find . -type f > duka.txt, kwamfuta ta zagaye faifan ta rubuto adireshin kowane fayil. Sai grep -i -F -f jeri.txt duka.txt. Shi ke nan! Wanda ya sa find ya nemi suna ɗaya-ɗaya, in sunayen 500 ne, sau 500 zai kewaye faifan. Wannan kuwa sau ɗaya tak. Ni dai har yau abin yana burge ni, kamar a aiki yaro kasuwar Sabon Gari da sautu 500 ya haɗo su a zagaye guda.

Amma ku ji abin mamaki. A Linux, Waka.mp3 da waka.mp3 fayil biyu ne daban! Ƙaramin -i ɗin nan shi ke sasanta babban baƙi da ƙarami. Ƙugiya fa? Ba ruwansa. Ku nemi "waka", ba zai kawo "waƙa" ba. Ku nemi "Bata", "ɓata" ta ɓata ke nan. A wurin kwamfuta k bait 1 ne, ƙ bait 2, ko dangi ba su haɗa ba.

Wani tarkon ya fi wannan. Ku bar layi ɗaya babu komai a cikin jeri.txt, grep zai kwaso muku duk abin da ke faifan. Duka! Layin banza ɗaya, waƙa 200,000 a gabanku.

Masu Windows, ba a bar ku a baya ba: dir /s /b ya jero fayiloli, findstr /i /g: ya tace su.

Wayar Android da ke aljihunku ma a kan Linux take tafiya. Ku sa mata manhajar Termux, layukan nan biyu za su yi aiki a tafin hannunku, kuna zaune cikin adaidaita sahu a shataletalen Bata.