Zangon Iyali Bayan Kaka: Daga Tiga Zuwa Riruwai

 Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da 'yan'uwanmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin shirin namu na yau a ƙofar gidanku zai yada zango.

Wanda ya baro Kano ya ɗauki hanyar Zariya, ya karya a Kwanar Ɗangora ya nufi Jos, zai ratsa ƙasar da babu irinta a duk faɗin jihar. Ruwa mafi girma yana nan, wato Tiga. Daji mafi girma yana nan, wato Falgore. Duwatsu mafi tsayi ma suna nan, can wajen Riruwai. Amma ku tambayi yaran makarantar firamare a Kiru ko Ƙofa, nawa ne cikinsu suka taɓa kwana a bakin Tiga, suka ga yadda masunta ke fita da asuba? Sau da yawa baƙo daga nesa ya fi ɗan gida sanin wurin. Abin da muke so mu tattauna ke nan: yadda iyali za su ware kwana biyu a shekara su fita tare, su kwana a fili, kuma abin ya zauna ya zama al'adar gida da jikoki za su tarar.

Na san wani zai ce ai wannan yawon Turawa ne, su ne ke ɗaukar tanti su shiga daji ba gaira ba dalili. To Malam, a yi mini haƙuri, ban yarda ba. Kakanninmu fatake da suka yi Gwanja neman goro a zango suke kwana, madugu ne ke duba inda ruwa da inuwa suke kafin a sauke wa jakuna kaya. Mafarauta suna kwana a dawa har gobe. Fulani suna da mashekari. Manomin Tudun Wada da ya yanke shinkafa yakan yi bukka ya kwana a gona yana gadi. Kwanan fili namu ne tun fil azal. Abin da ba mu saba yi ba shi ne mu tafi da Inna da 'yan mata da ƙananan yara, ba don fatauci ko gadi ba, sai don a zauna tare.

Kuma an taɓa yi mana tanadin haka. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano. Babbar manufar ita ce noman rani, kuma ruwan nan ne ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Amma bai tsaya nan ba. An gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan, an gina wani a bakin tafkin Bagauda, inda yanzu makarantar horar da lauyoyi take. Mutanen wancan zamani sun yi nufin magidanci ya kwashi iyalinsa ya zo ya huta. Dattawa da yawa a Kano suna da hoton da suka ɗauka a Tiga suna samari. Abin da ya sa al'adar ba ta yi jijiya ba, a ganina, shi ne an jingina ta da otal da mota da albashi. Da aljihu ya yi sanyi sai ta mutu. Wadda za ta rayu ita ce wadda tabarma da bargo da tukunya suka ishe ta.

To yaya ake kafa ta?

Abu na farko shi ne rana. Duk abin da aka ce za a yi idan an samu hali, ba a yin sa. Dubi yawon Sallah: babu mai aika wa kowa takarda, amma kowa ya san gidan da za a je ran biyu ga Sallah, saboda ranar ba ta motsi. Haka zangon iyali yake bukata. Lokacin da ya fi dacewa da yankinmu shi ne bayan kaka, an kai masara da dawa rumbu, hanyoyi sun bushe, sauro ya ragu, yara sun samu hutun makaranta na watan Disamba. A ce Juma'ar farko ta hutun, bayan an sauko daga masallaci, a dawo Lahadi da yamma. A faɗe ta a gaban kowa, babba a gidan ya sa albarka, shi ke nan ta zama doka. Sai dai a tuna hunturu ne. Sanyin bakin ruwa da na tsaunukan Riruwai ba irin na cikin gari ba ne, don haka kowane yaro da rigar sanyinsa da hula da safa, a riƙe man kaɗanya saboda kaushi.

Sai kuɗi, kuma nan ne mata suka fi mu dabara. Adashi. A ce gida biyar na wa da ƙani suna zuba naira 500 kowane mako. A shekara kowane gida ya tara 26,000, gida biyar 130,000 ke nan. Kuɗin mota ya fito, har da na kifi. A damƙa asusun a hannun gwaggon da kowa ke jin nauyinta, wadda ba a iya zuwa a ce ta ba da rance. Sauran guzuri daga rumbu zai fito: shinkafa da wake, garin kunu, ƙuli-ƙuli, yaji, dambu da aka turara tun a gida. Tanti ba dole ba ne. Tamfol ɗin da ake shanya hatsi, da igiya, da sanduna huɗu, sun isa rumfa. Gidan sauro kuwa dole ne, ko da an ce lokacinsa ya wuce.

Yanzu bari mu zo kan maganar da ba na so a ɗauke ta da wasa, wato inda za a kwana.

Dajin Falgore abin alfahari ne. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa sunansa cikin dazuzzuka goma da ta amince su zama gandun ƙasa. Amma duk wanda ke bin hanyar nan ya san abin da aka sha a hannun ɓarayin shanu da masu tare hanya, har ta kai a 2017 sojoji suka mayar da wani sashensa filin atisaye. Saboda haka kada wani magidanci ya kwashi mata da yara ya kutsa cikin Falgore ya ce zai kwana. A shiga da rana, tare da ma'aikatan gandun, bayan an nemi izini, a fito kafin la'asar ta yi sanyi. Kwana kuma a yi shi a gefen gari, inda ake jin kiran salla.

Hanyar da iyayenmu suka bi ita ce mafi aminci. Mako guda kafin tafiya, mutum biyu su je su gai da dagaci ko mai unguwa, su ce ranka ya daɗe, mu mutanen gari kaza ne, muna so mu sauka da iyali kwana biyu. Shi zai nuna fili, shi zai gaya wa 'yan sintiri, shi zai ce kada ku bi ta can. Idan ya ce bana a haƙura, a haƙura, a koma gonar kawu a bayan gari a yi zangon a can, ranar dai kada ta wuce ba a fita ba. Kuma idan aka riƙe wuri guda ana komawa duk shekara, baƙunta takan zama zumunci. Bana kun kai goro da sabulu, baɗi za ku tarar an share muku fili an ajiye itace.

Ruwa kuma ba a yi masa gaggawa. Ba mu manta da jirgin da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Allah ya jiƙansu. Kada yaro ya shiga kwale-kwale ba rigar ruwa, kada a cika shi, kada a shiga bayan magariba. Wankan gefen tafki ma a hana, domin ruwan da ba ya gudu shi ke ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini. A ɗebo ruwan sha daga rijiya ko famfo. A share ciyawa kafin a shimfiɗa tabarma, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kowa ya riƙe tocila da dare, kuma a san asibitin da ya fi kusa tun kafin a bukace shi. Wutar girki a yi mata murhu a wuri mai rairayi, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta, don iskar hunturu ba ta da wuyar kai tartsatsi gonar mutane.

Me yara za su samu da ya kai wannan ɗawainiya? Aiki, da farko. Kowa a ba shi nasa: wannan itace, wannan buta da ruwan alwala, Yaya babba shi ne madugun bana, baɗi a ba mai bi masa. Yaron da aka ɗora wa nauyi shi ne zai fara tambaya yaushe za a koma. Sannan sunaye. Yau akwai saurayin da ba zai bambance marke da kirya ba, bai san taura ba, bai taɓa ganin ɗinya a jikin bishiyarta ba. Kaka ta sani, kuma ba za ta faɗa a falo gaban talabijin ba, sai an tsaya a gindin itacen. A bakin Tiga masunci zai nuna musu tarwaɗa da karfasa, su ga zalɓe yana kiwo. Da dare, inda babu hasken lantarki, Baba zai nuna musu Kaza da 'Ya'yanta a sama, ya koya musu gane gabas ba tare da waya ba. Idan nisan tafiyar ya kai, a nan za su ga yadda ake sallar ƙasaru a aikace. Wayoyi kuwa a tara su a jaka guda, a bar biyu a kunne saboda larura.

Ina roƙon iyayenmu maza abu guda: kada a mayar da ita tafiyar maza, kuma kada a kai mata can su kwana biyu a bakin murhu. A yi musu rumfarsu mai sutura da makewayi na zana, samari su karɓi girkin rana guda. Uwargida ce ke tuna ranar, ita ce ke tara kuɗin, idan ba ta ji daɗin tafiyar ba to ba za a sake yin ta ba.

Waɗanda yaransu suka tasa za su iya matsawa gaba zuwa Riruwai, garin da aka daɗe ana haƙar kuza, su hau dutse da ɗan jagora na gari, su gangara Zainabi su ga inda ruwa ke zubowa. A nisanci tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, musamman waɗanda ruwa ya cika. Masu ƙananan yara kuwa Tiga ta ishe su shekaru da yawa.

Kafin a tashi ran Lahadi, a tsince leda da kwalabe, a binne toka, a koma a yi wa mai gari sallama, a gaya masa ranar da za a dawo baɗi.